Yaron da Ya Zauna Gida, Karatunsa Nauyin Wa Ne?

Ya kai mai karatu, ga wata tambaya na kawo maka, ka ɗan ajiye aikin da ke hannunka mu duba ta tare. Yaro ya kai shekara 11 ko 12, ya gama aji shida na lakwal, ko kuwa ya tsaya a hanya. Yanzu ga shi a gida. Wa Allah zai tambaya game da karatunsa? Gwamnati, ko mushe, ko kai da ka haife shi?

Kada ka ce wannan zancen mutanen birni ne. Zancenmu ne mu na Ajekoriya da sauran ƙasar Dakoro. Ba kowane ƙauye ke da kwaleji ba. Idan yaro ya samu shiga, sai an nema masa mai masauki a wani gari, sai an riƙa aika masa da hatsi, ga kuɗin kaye da bik. Uba ya yi lissafi ya ga rumbu ba zai kai damina ba, sai ya ce yaro ya dakata tukuna. Ana buɗe makarantu a watan Oktoba, daidai lokacin da ake yankan hatsi da roron wake, kowane hannu ana bukatarsa a gona. Makiyayi kuma bisashensa ke nuna masa inda zai kwana, in damina ta faɗi ya yi arewa wajen Bermo da Gadabeji. A shekarar 2020 ma, da cutar korona ta zo, an rufe makarantun Nijar duka tun daga watan Maris har zuwa farkon Yuni. Ɗan attajiri da ɗan talaka kowa ya koma gaban iyayensa.

A Amurka akwai iyaye masu yawa da suke hana 'ya'yansu zuwa makaranta da gangan, su koyar da su a gida, da littattafai da kwamfuta. A Faransa kuwa, tun daga 2022 sai da izinin hukuma ake yin haka. Su zaɓi suka yi. Mu yawancinmu dole ce ta sa. Amma dole ba ta sauke amana. Mutumin da aka ba ajiyar akuya, in fari ya zo ba zai ce tun da babu ciyawa ba ruwansa ba, sai ya hau gawo ya kakkaɓo mata 'ya'ya. To, ina ga ɗan mutum?

Sai dai a nan akwai wurin da zuciya ke yaudarar mai ita, kuma ina so ka tsaya a kansa da kyau. Ajiye yaro a gida iri biyu ne, daga waje kuwa kamarsu ɗaya. Wani ya ajiye ɗansa don babu hali, yana kuma neman yadda yaron zai ƙaru. Wani ya ajiye shi don ya samu ɗan aiki da ba a biya. Dukansu biyu za su ce maka, ai noma ma ilimi ne, kiwo ma ilimi ne. Gaskiya ne, ilimi ne babba. Amma ka tambayi kanka: bana me yaron nan ya sani wanda bai sani ba bara? In shekara ta zagayo abin da ya ƙaru kawai shi ne damman da ke cikin rumbunka, to kai ka ci riba, shi ya biya. Ba mai iya yi maka wannan hisabi sai kai, don kai kaɗai ka san niyyarka.

Na san abin da za ka ce. Ni da ban taɓa shiga aji ba, me zan koya masa? Ka tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, a gaban mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani. A littafinsa Nurul Albabi ya zargi malaman da ke koyar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u a cikin gida ta yi karatu, daga baya ta naɗa jajis, tsofaffin mata masu zuwa wurinta su ɗauki darasi a waƙe, su koma ƙauyuka su koya wa 'yan'uwansu mata. Ba su jira an gina aji ba. Za ka ce ai su malamai ne. Haka ne. Amma abin da yaro ya fi bukata gare ka ba malanta ba ce, lokaci ne da kunne.

Ka keɓe masa sa'a guda kowace rana, bayan azahar ko bayan magariba, wadda ba mai aikensa ko'ina. Wannan ya fi kome wuya, don a gidanmu yaro ba ya zama a gan shi a ƙyale shi. Ka sa ya karanta maka da ƙarfi, da Hausa, kana saurare. Ko ba ka san baƙi ko ɗaya ba, ka san Hausa, in ya yi tuntuɓe kunnenka zai ji. In an samu Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, madalla. In babu, littattafan yaƙi da jahilci da ke ajiye cikin akwatin wani maƙwabci sun isa a fara; tun 1963 ake wannan aiki a Nijar, takardunsa ba su ƙare ba. Ya gama shafi, ka ce ya rufe ya ba ka labarin da bakinsa. Nan za ka gane ko ya fahimta ko kuwa aku ne. Kada ka ɗauka shekara shida a aji ta wadatar: binciken PASEC na 2019 ya nuna wajen yara 7 cikin 10 da ke ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matsayin da ake so a karatu ba. Kuma kada wani ya rena maka karatun Hausa. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da ita a Damagaram, a 2025 kuma aka mai da ita harshen ƙasa.

Lissafi kuwa, kai ne malaminsa ba ka sani ba. Kai da dala kake ƙirga, mushe da faran yake rubutawa, yara da yawa a tsakanin nan suke ɓacewa. Ka tafi da shi kasuwa da kaye a hannu. A ce tiyar hatsi dala 140 ce. Faran nawa ke nan? 700. Buhu mai kilo 100 yana cin tiya wajen 40, to jikka nawa ne buhun? Ka bar shi ya yi fama har ya kawo 28. Ya rubuta damman da kowace gona ta bayar, da ranar da aka yi shuka, da bashin da ake binka da wanda kake bi. Bayan shekara biyu wannan kaye zai gaya muku gonar da ta gaji. Saƙon da ke shigowa wayarka daga ɗan'uwa da ke Libiya ko Legas, shi zai karanta, shi zai rubuta amsa. Kaka kuma ta ba shi labarin yunwar 1984, inda aka je da abin da aka ci, ya rubuta da hannunsa. Babu littafin da ya ƙunshi labarin gidanku.

Amma kada in yi maka daɗin baki. Gida ba zai ba shi Faransanci mai kyau ba, ba zai ba shi kimiyya ba, ba zai ba shi takardar birebe ba. Likitan da zai duba matarka da malamin gona da zai duba hatsinka, duk ta aji suka bi. Uban da ya ce karatun gida ya isa alhali yana da halin tura yaro, ya rufe masa ƙofar da ba shi da ikon rufewa. Karatun gida riƙon ƙwarya ne, a riƙe wuta kada ta mutu kafin a samu itace. Akwai azuzuwan gaggawa na wata 9 da ake buɗewa a wasu garuruwa don yara masu shekara 8 zuwa 12, ana farawa da harshen gida, daga nan a mai da yaro lakwal. Ka tambayi daraktan lakwal na garinku, ko ofishin mai duba makarantu a Dakoro.

'Ya mace fa? Ita ce ta fi zama gida, ita ce kuma ba ta da sa'ar nan guda, daga rijiya sai turmi sai goyon ƙane. Ƙididdigar 2012 ta nuna mata 76 cikin 100 a Nijar an yi musu aure kafin su cika shekara 18. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka don a kare yarinya ta ci gaba da karatu har shekara 16. Doka tana Yamai, turmi yana tsakar gidanka. In tsoron masauki ya hana ka tura ta wani gari, ban ga laifinka ba, tsoro ne mai dalili. Amma to, wa zai ɗauke mata daka na sa'a guda? Wannan magana ce da za ka yi da uwarta, kuma sai ka yarda ɗan'uwanta namiji ya je ɗiban ruwa wani lokaci, ko da maƙwabta za su yi dariya.

In abin ya fi ƙarfin gida ɗaya, ku haɗu gida huɗu ko biyar. Da wuya a rasa wani saurayi ko budurwa a gari da ya kai aji uku na kwaleji yana zaune ba aiki. Kowane gida ya ba shi tiya biyu a wata, a samu zaure, a sayi alli da fitila mai caji da rana. Ku faɗa wa mai gari da liman tun da wuri, ku kuma sa darasin a lokacin da ba zai ci karo da makarantar allo ba.