Halaccin Kai Kuka Gaban Majalisar Nasara

Tun ranar da Sakkwato ta faɗa hannun Turawan Ingila a watan Maris na 1903, malaman ƙasar nan suka fuskanci mas'alar hukuncin Musulmin da ya wayi gari a ƙarƙashin ikon wanda ba addininsu ɗaya ba. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da jama'a mai yawa har aka cim masa a Burmi. Waziri Buhari kuwa ya zaɓi zama, domin kada a bar raunana ba mai tsare musu salla da shari'a. Amma akwai wata mas'ala wadda ta jira waɗanda suka zauna, ita ce: idan an zalunce ka, shin ya halatta ka kai kukanka gaban majalisar wanda ya ci ƙasarka da yaƙi, ko kuwa yin haka mubaya'a ce a kaikaice?

Masu ƙyamar abin suna da hujja wadda bai kamata a raina ta ba, domin sun ce wanda ya rubuta takardar koke ya riga ya yarda cewa mai karɓarta yana da haƙƙin yanke hukunci, kuma haƙuri da tawakkali sun fi dacewa da mumini bisa ga tsayuwa a ƙofar azzalumi. Sai dai tarihin Annabawa da Sahabbai bai goyi bayan wannan fahimta ba. An aiki Annabi Musa zuwa ga Fir'auna domin ya nemi a saki Bani Isra'ila, aka kuma umarce shi da tausasa magana, ba wanda ya ce ya sallama wa Fir'auna da yin haka. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya tsaya a fadar Najjashi na Habasha ya kare 'yan'uwansa masu hijira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci Hilful Fuduli a Makka tun kafin aike, inda aka yi alkawarin tsayawa tare da wanda aka zalunta, ya kuma yabi wannan alkawari bayan zuwan Musulunci. Ashe faɗa wa mai iko cewa ya yi zalunci shaida ce da ake bayarwa a kansa, kuma ɓoye shaida laifi ne a shari'a.

Domin a ga nauyin maganar, sai a dubi halin manomin ƙasar Mashi, a kan hanyar da ta haɗa Katsina da Daura, a zamanin En'e. Haraji yana kansa, jangali yana kan shanun maƙwabcinsa Bafulatani, ga gaisuwa, ga aikin tilas, sa'an nan a tsakanin 1942 da 1944 aka yi ta ɗiban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos. In kuwa zai yi ƙara, sai ta bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, daga nan zuwa hakimi, kafin ta kai ga Sarki ko Razdan, alhali sau da yawa wanda ake kuka da shi yana cikin masu miƙa ƙarar. Saboda haka koken talaka ya zama ƙaura, ya tattara iyalinsa cikin dare ya tsallaka ƙasar da Faransa ke mulki, ko ya bar gari ya shiga daji, ya bar kufai ya yi magana a madadinsa.

Wannan shiru shi ne 'yan boko na farko suka yi ƙoƙarin mayarwa rubutu. A 1943 Malam Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya sadu da tsohon Gwamna Lugga, ya kuma rubuta masa dalla-dalla abubuwan da ke damun mutanen Arewa. A 1947 tawagar jam'iyyar NCNC, wadda Zanna Bukar Dipcharima na Barno yake cikinta, ta kai ƙarar tsarin mulkin Gwamna Richards har Landan, Sakataren Ƙasashen Mallaka Arthur Creech Jones ya ce su koma gida su gwada tsarin tukuna. A watan Agusta na 1950 kuwa, watan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Kaduna ya nemi a binciki mulkin En'e a gyara shi, yana ambaton cin hanci da rashin sanya talaka cikin shawara. Da ƙyar ƙudurin ya tsallake, amma a dalilinsa aka sa jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka yi bincike, aka soke matsayin Sarki mai yanke hukunci shi kaɗai ba da majalisarsa ba, har aka kai ga dokar En'e ta 1954.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin wannan tarihi shi ne, mafi yawan abin da aka roƙi Nasara su gyara, malamanmu sun riga sun hukunta shi tun kafin Bature ya taka ƙasar nan. Shaihu Magili ya yi wa Muhammadu Rumfa na Kano wasiyya da sauraron talakawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafta jangali da gaisuwa cikin alamomin mulkin zalunci a Kitabul Farƙi. Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa domin Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina, kuma fikihu ya daɗe da sanin kujerar mai duba mazalim, wanda ke karɓar ƙarar da ake yi a kan ma'aikatan sarki. To, in har Musulmi ya rasa mai jin kukansa a gida sai ya tafi Kaduna ko Landan, abin kunyar yana kan wanda ya rufe ƙofar, ba a kan mai ƙwanƙwasawa ba.

Sai dai koke yana da sharuɗɗa kamar kowace ibada. Wajibi ne ya kasance gaskiya tsantsa ba ƙari, ya kasance domin maslahar jama'a ba domin neman muƙami ba, kada kuma a sayar da addini ko mutunci a cikinsa. Ba sharaɗi ba ne a karɓa, domin an mai da tawagar 1947 hannu wofi, amma ta sauke nauyin da ke kanta, ta kuma tsayar da hujja a kan wanda ya ƙi ji.

Tun 1960 majalisun nan sun zama namu, wakilan da ke cikinsu 'ya'yanmu ne, shubuhar da ta hana kakanninmu magana ta kau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka mutumin Mashi ko na Daura da ya ga an tauye haƙƙin ƙauyensa, ya haɗa kai da 'yan'uwansa su rubuta, su sa hannu, su kai, su kuma koma su tambayi inda aka kwana. Wakilin da ya karɓi takardar ya jefa ta cikin aljihun tebur kuwa, ya sani amana ce ya karɓa, kuma za a tambaye shi a kanta ranar da babu hakimi babu Razdan. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da jin ta.