Rumbun Gida da Zuciyar Tsoho

Ya kai ɗan'uwa sabon mai bi, ka tsaya mu yi shawara a kan wata tambaya mai nauyi: shin talaucin gida yana iya karya zuciyar tsoho, ko kuwa rashin haƙuri ne kaɗai?

Ka duba ƙasar Boɗinga da ta Shagari, kudu da birnin Sakkwato. Yawancin mutanen wurin manoma ne, abincinsu gero da dawa. Sa'ad da aka gama girbi, samari da yawa sukan tafi cin rani, su bar tsofaffi da rumbun da ba ya kaiwa wata kaka. A shekarar 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna wajen mutum 9 cikin 10 na Jihar Sakkwato suna fama da talauci ta fuskoki dabam-dabam, fiye da kowace jiha.

To, ina abin da wannan ke yi wa tsoho? Yunwa tana cin jikinsa, amma akwai abin da ke cin ransa. Mutumin da dā shi ke buɗe rumbu, shi ke ba jikoki kwabo, yau ya ga ba shi da abin bayarwa, ba a kuma neman shawararsa. Sai ya lissafta kansa kaya ne a wuyan 'ya'yansa. Barci ya ƙaurace masa, fura ta daina yi masa daɗi, ya yi shiru a bakin zaure. Likitoci sun san wannan baƙin ciki mai daɗewa, cuta ce, tana kuwa da magani. Kada ka ce maita ce, kada ka ce ƙarancin bangaskiya ne.

Wani zai ce, ashe kuɗi ne maganinta. Ba haka kaɗai ba. Akwai gida mai wadata inda ake aika wa tsohuwa tuwo, amma ba mai zama kusa da ita. Duk da haka kada mu fake da wannan, gama wa'azin haƙuri ga mai yunwa ba'a ne. A cikin Markus sura 7 Ubangijinmu ya tsauta wa waɗanda suka hana iyayensu taimako da sunan baiko ga Allah.

Saboda haka, ga abin da ya wajaba gare ka. Ka keɓe rabon iyayenka kafin ka sayar da hatsi. In kana nesa, ka aika, ka kuma kira su. Ka tambayi baba ranar shuka, ko da ka sani. In shirun ya yi tsawo, ka kai shi asibiti. A Kware akwai asibitin tarayya na masu cutar ƙwaƙwalwa.

Ko da iyayenka sun yi fushi da kai domin ka bi Almasihu, hakkinsu bai faɗi ba. Bari su ga bangaskiyarka a cikin ƙwaryarsu.