Dinya da Mudun Masara

Dinya ba kaza ba ce. Kazar gidan gona takan saka ƙwai kusan kullum, har ta doshi 300 a shekara. Ita dinya 'yan watanni ne nata, ƙwai 20 zuwa 50, yau ta saka gobe ta huta, kowanne kuma ya kusa nauyin na kaza uku. Wanda ya yi sake da waɗannan watanni, sai baɗi.

Sabon mai kiwo ya san haka, shi ya sa da ya ga ta fara jan ciyayi tana neman lungu, sai ya ɗauko mudu ya yi ta zuba mata masara safe da yamma. A ganinsa gata yake mata. Masara kuwa kitse take sawa. Macen da ta yi kitse ƙwanta raguwa yake, namijin da ya yi nauyi kuma barbara takan gagare shi, ƙarshe a zauna jiran 'ya'ya a kan baragurbi. Abin da jikinta ke nema daban ne: tunkuza ko gasasshen waken soya a gauraye da dusa, sai garin ƙashi ko ɓawon kawa a kasko daban, ta ɗiba da kanta, don da shi take gina ɓawon ƙwai. Kuma wajen wata guda kafin ƙwan farko ake fara wannan. Ɗanyar ciyawa dai ita ce asalin abincinta, kada a tsare ta a akurki a hana ta kiwo. Ruwan shanta ya yi zurfin da za ta tsoma kai har ido. Abincin da ya yi fumfuna a zubar, ko nawa aka saye shi.

Mai ciki ma haka ake mata a gidaje da yawa. Malmala biyu ta tuwo, "ci ki ƙara, ba ke kaɗai ba ce", amma ba mai tambaya ko ta samu wake, kifi ko zogale. Yawan bayarwa ba ya bukatar tunani, kuma kowa na gani ya yaba. Sanin abin da ake bukata ne ke da wuya.

Da zarar dinya ta yi kwanci, aikin mai ita ya koma janye hannu. Kwana 28 zuwa 35 za ta yi, gwargwadon nau'inta. Takan fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a sheƙa, in za ta fita ta lulluɓe ƙwan da shi. Namijin na tsaye yana huci, yaro ya matso ya sha cizo, kuma ni ban ga laifin namijin ba. Mai yawan ɗaga ta don ya ƙirga ƙwai yana iya sa ta watsar da sheƙar gaba ɗaya. Abinci da ruwa a ajiye 'yan taku kaɗan daga inda take, yadda dole ta miƙe sau ɗaya a wuni ta ci, ta sha, ta jiƙa gashinta, don wata in an bar ta sai ta rame a kan ƙwan ba ta tashi ba.