Turbar Da Ka Tarar A Share

Wani ƙanena ne ya miƙo mini wayarsa bayan sallar isha'i, ya ce, "Yaya, kalli mutanen nan, ko awaki ba su fi su iya dutse ba." Na karɓa ina zaton irin bidiyon ban dariyar da yara ke tura wa juna ne. Ashe tsere ne na gaske, wanda ake yi duk watan Agusta a ƙasar Suwizalan tun shekarar 1974. Sunansa Sierre-Zinal, wato sunayen garin da ake tashi da ƙauyen da ake sauka. Wani malamin lissafi ɗan yankin, Jean-Claude Pont, shi ya ƙirƙiro shi.

Tsawon hanyar kilomita 31 ne. Ana tashi daga garin Sierre a kwarin kogin Rhone, a kama hawa nan take. Kafin a ci kilomita 8 an haura kusan mita 1,300, ta cikin daji, a kan turbar da a wurare da yawa mutum biyu ba sa iya jerawa. A nan za ka ga wasu ƙwararru ma sun daina gudu, sun dafa gwiwoyi da hannuwa suna turawa kamar masu fama da ciwon baya. Sai a ratsa ƙauyen Chandolin, wanda ke kusan mita 2,000 sama da teku, yana kuma cikin ƙauyukan Turai mafiya tudu da ake zama a cikinsu rani da damina. A wuce wani tsohon otal mai suna Weisshorn da ke tsaye shi kaɗai a gefen dutse, a kai ƙololuwar hanyar a mita 2,425, sannan a gangaro Zinal. Jimillar hawan mita 2,200 ne, gangaren kuma 1,100. Can ƙasa kogin Navizence na bin kwarin Anniviers, a gaba kuma ga manyan duwatsu biyar da kowanne ya haura mita 4,000, cikinsu har da Matterhorn.

Bidiyon da ƙanena ya nuna mini na shekarar 2024 ne. Kilian Jornet, mutumin Kataloniya ta ƙasar Sifaniya, ya iso Zinal cikin awa 2 da minti 25 da daƙiƙa 34, Philemon Kiriago na Kenya yana biye da shi da tazarar da ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Nasararsa ta goma ke nan a wannan tsere, ya kuma rage daƙiƙa ɗaya tak daga tarihin da shi da kansa ya kafa a 2019. Jama'a na ihu, ana kaɗa ƙararrawar shanu. Ƙanena sai maimaita wurin yake yi.

Ni kuwa idona ya koma ƙarƙashin ƙafafunsu. A wani lanƙwasa na ga an jera duwatsu a gefen turbar don kada ƙasa ta zame. A wani wurin an yanka matakala a jikin gangare. Ga saiwoyin itatuwa sun yi sulɓi saboda yawan taku. Na tambayi kaina, wa ya yi wannan aikin? Tseren bai daɗe da cika shekara hamsin ba, amma mutanen kwarin sun yi ɗaruruwan shekaru suna hawa da sauka a waɗannan duwatsu.

Mutanen wannan kwari, da ake kira Anniviers, ba su san zama wuri ɗaya ba. Gidajensu na ƙauyukan kan tudu, irin su Saint-Luc da Grimentz da Chandolin, gonakin inabinsu na can ƙasa a kewayen Sierre, wuraren kiwonsu kuma na sama da ƙauyukan, inda ciyawa ke tsirowa bayan ƙanƙara ta narke. Don haka sau da yawa a shekara sai su yi ƙaura. Idan lokacin aikin inabi ya yi, gari ya tashi gaba ɗaya ya gangara, da mata da yara da dabbobi, har da limamin coci da malamin makaranta. Idan zafi ya shigo a kora shanu sama. Zinal ɗin da ake tafa wa zakaru a cikinsa yau, asalinsa mashekari ne da ake zama na ɗan lokaci a tashi. Duk wanda ya san yadda Fulani ke bin burtali daga wurin damina zuwa wurin rani ya san irin wannan rayuwa. Chandolin kuwa sai wajen 1960 titin mota ya isa gare shi. Kafin nan, gishiri da katako da mara lafiya duk a bayan alfadari ko a kafaɗar mutum suke hawa da sauka.

Har yau a ƙauyukan ana ganin tsofaffin rumbunansu na katako da rana ta ƙona suka yi baƙi ƙirin. An ɗora kowanne a kan gajerun turaku, tsakanin turke da rumbu kuma an sa faffaɗan dutse mai kama da faifai, yadda in ɓera ya hau turken sai ya tarar da rufi a kansa, ya rasa ta inda zai bi. Mutanen da suka yi wa ɓera wannan lissafi su ne suka yi wa dutse lissafin inda ƙafa za ta bi, suka gane inda ruwa ke kwarara da inda ƙanƙara ke zaftarewa, da irin kwanar da alfadari mai kaya zai iya sha ba tare da ya faɗa rami ba. Ba a rana ɗaya suka gano ba. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Kuma turbar dutse ba ta zama yadda aka bar ta. Kowane hunturu yana ɓata wani abu. A wannan yanki al'ada ce tun da can idan ƙanƙara ta janye a fito aikin gayya, kowane gida ya ba da hannu, a gyara hanyoyi da magudanan ban-ruwan da ke ɗauko ruwa daga sama zuwa gonaki. Wanda zai sha ruwan shi zai riƙe fartanya. Ba a rubuta sunan kowa a jikin dutse ba, ba a rataya wa kowa lambar yabo ba.

Abin lura a nan shi ne, gudun da ya ba mu mamaki aro ne. Jornet gwani ne, babu mai ja. Amma a ajiye shi a gindin dutsen nan ba turba, sai ƙaya da ƙanƙara da duwatsu masu mirginawa, mu ga ko awa biyu da rabi za ta ishe shi. Daƙiƙa ɗayan da ya rage ta shiga tarihi, ɗaruruwan shekarun da suka share masa hanya kuwa ba mai ƙirga su. Haka idon ɗan Adam yake, yana bin wanda ya iso, ya manta da wanda ya buɗe hanya.

Mu ma muna da irin wannan a gida. A Sukur, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, akwai hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu tun daga ƙasa har zuwa kan tsauni inda fadar sarkinsu, Hidi, take. Tana cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta sanya wurin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, na farko a Najeriya. Da hannu aka ɗauko kowane dutse aka dasa. Ba sai an je Sukur ba ma. Rijiyar unguwarku wani ne ya haƙa. Darbejiyar da kuke hira a inuwarta wani ne ya yi mata ban-ruwa da bokiti tana ƙarama, yana kare ta daga awaki. Likitan da ake alfahari da shi, akwai malamar aji ɗaya da ta riƙe masa hannu ya rubuta baƙin farko, akwai yayarsa da ta bar karatu ta kama sana'a don a biya masa kuɗin jarrabawa. Ranar walima kuwa ba lalle a ba su kujerar gaba ba.

Mantuwar nan ba ta tsaya ga rashin godiya ba, tana da illa. Wanda ya ɗauka hanya ita ta yi kanta ba zai ga dalilin gyara ta ba. Shi ya sa ake cinye burtali da gona taku bayan taku, sannan a yi mamakin rikicin manoma da makiyaya. Shi ya sa kwata ke toshewa a ƙofar gidan mutum yana tsallakewa kullum yana jiran hukuma, har damina ta shigo masa ɗaki. Gayyar da kakanninmu suka riƙe gari da ita ta zama labari a wurare da yawa, alhali kowa na son ya bi hanya mai kyau.

Da na mayar wa ƙanena wayarsa na tambaye shi wa ya cike ramin da ke bakin layinmu da ɓaraguzai bara. Ya yi shiru, ya ce bai sani ba, ko da yake kullum ta nan yake wucewa da babur. Ni ma ban sani ba.

Mai karatu, gobe in ka fita, dubi abin da kake takawa. Wanda ya share maka, in yana raye ka je ka gaishe shi, in ya rasu ka yi masa addu'a. Sannan ka ɗauke dutse ɗaya daga kan hanya saboda mai zuwa bayanka.