Tazarar da ke Tsakaninka da Na Gaba

A watan Afrilun 2016, manyan motoci na kamfanoni shida, ciki har da Volvo da Scania da MAN, suka isa Rotterdam ta ƙasar Holan a jere kamar ayarin fatake. Ta gaba ce ke ja. Na baya suna binta da rada da saƙon rediyo, da ta taka birki su ma sun taka. Shi ya sa suke iya matsowa dab da juna, iska ta rage tare su, mai ya yi auki. A lokacin akwai direba zaune a kowace mota, amma burin masu ƙirar shi ne wata rana a sallame shi.

Mutum ba ya iya wannan matsin. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ido ya gani ƙafa ta kai kan birki, daƙiƙar ta tafi. Tazarar da direban kirki ke bari a hanyar Numan ita ce filin tunaninsa.

To, in na gaba ya yi kuskure fa? Mun san yadda ruwa ya karya gadar Namnai a hanyar Wukari a 2024. Da a ce jerin irin waɗannan motoci ya doso wurin da dare, ta gaba ba ta lura ba, wa za a tuhuma? Na'ura dai ba ta da alhaki. Yana wuyan wanda ya ƙera ta da wanda ya sake ta a hanya.

Mu kuwa namu yana wuyanmu. Wani zai ce ai ayari ba ya tafiya sai da madugu, kuma gaskiya ne. Unguwar da kowa ke jan nasa ba ta gyara ko kwata. Amma bafatake yana bin madugu ne idonsa na kan jakinsa da kan hanya.

Matsalar ita ce bin da ba tazara. Yaro ya ɗauki gora don uban gidansa na siyasa ya ce a fita. Dattijo ya tura saƙon WhatsApp a kan wata ƙabila don babban mutum ne ya turo masa. A gari irin Jalingo, inda muke kasuwa ɗaya da Mumuye da Fulani da Jukun Kona, saƙo ɗaya ya isa ya jawo abin da za a daɗe ana gyarawa.

Ka girmama na gaba, ka bi shi, amma ka bar wurin taka birki. Ranar da aka zo tambaya, “ai shi na bi” ba za ta fisshe ka ba.