Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, wa ya ce yaro ba ya jin ɗari?

Hunturu ya kama, iskar gabas ta taso da ƙurarta tun daga hamadar Chadi, kuma ba za ta sake mu ba sai Fabrairu ya wuce. Kowa ya zaro bargonsa. Kowa, ban da yara.

Ranar wata Juma'a da sassafe, hazo bai ɗaga ba, na tsaya wurin mai shayi a bakin hanyar Jega. Wani magidanci na zaune kan benci, jaket a kan riga, ya naɗe kunnuwa da hirami, har da safa. Sai ga ɗansa, bai wuce shekara huɗu ba, an aiko shi karɓar kuɗin koko. Daga shi sai 'yar singileti. Babu takalmi, ƙafa duk faso, majina har leɓe, haƙoransa na kaɗawa. Na ce, "Malam, wannan yaron fa?" Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ai yaro ba shi jin ɗari."

Ba shi jin ɗari! To kai da ka ninka shi goma, me ya sa ka naɗe kamar mai jinya? Wallahi har yau maganar nan tana cina. Kuma ba shi kaɗai ba ne, bakinmu ya ara. Haka muke cewa, "jininsu da zafi," "mu ma haka aka rene mu." An rene mu haka, gaskiya ne, amma ku tambayi tsofaffinku 'ya'ya nawa suka binne kafin mu mu tsira.

Kada wani ya kawo mini zancen talauci, na san shi, gidana ma yana kwana. Uban yaron nan ya sha shayi da madara da burodi. Rigar sanyi ta yara a gwanjon kasuwar Jega ba ta kai abin da wasunmu ke zubawa a katin waya ba. Manomin Aliero ya san ranar ban ruwan albasarsa, ganye ɗaya ya canza launi ya gani, ya tafi neman magani tun kafin rana ta take. Amma ɗansa ya kwana uku yana tari, sai ya ce mura ce.

Ba kullum mura ba ce, jama'a. Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, ta buɗe wa cuta ƙofa. Idan ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya yana numfashi sau 50 a minti, ko ɗan shekara ɗaya zuwa biyar sau 40, ko ka ga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, alamar nimoniya ce, asibiti za a nufa, ba kanwa da man zafi ba. Kuma mun manta da sauri haka? A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 da ake zargin sanƙarau ne, a Gwandu, Jega, Aliero da Argungu. Cutar nan ƙura da bushewa da cunkoso take so. Mu kuwa sai mu tara yara takwas ɗaki guda, mu toshe taga da tsumma, mu shigar da kaskon gawayi mu rufe ƙofa. Hayaƙin gawayi yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba, ga gobara.

Iyaye mata, ku ma ba ku fita ba. Ke kina jin ɗumi bakin murhu, kin tura 'yar shekara biyar ɗebo ruwa da asuba ba ɗankwali. Malaman allo, daga Maiyama har Jega, almajirin da ke kwana a zaure da buhu ɗan wani ne, amana aka damƙa muku. Ku ji tsoron Allah! Mu duka za a tsayar da mu a tambaye mu, kuma ina so in ji wanda zai iya buɗe baki a ranar ya ce yaro ba shi jin ɗari.

Don Allah, don Annabi, ina roƙonku. Yaron nan mai singileti bai san ana sa hula don sanyi ba, domin ba wanda ya taɓa zama ya nuna masa. Ku koya wa yara sa riga biyu da hula da takalmi da kansu, su cire ta sama in rana ta yi, a yi musu wanka da ruwan ɗumi da hantsi, a shafa man kaɗe, a kai su rigakafi, kyauta ne. Liman kuma ya faɗi wannan magana a huɗubar Juma'ar nan, kada ya jira sai an kawo masa ƙaramar gawa.