Amanar Likita Da Haƙƙin Majinyaci

Idan magani guda ya haɗa amfani da cutarwa, wa ya kamata ya ɗora su a ma'auni, likita ko majinyaci? Wannan tsohuwar mas'ala ta sake fitowa fili a wajen maganin wata sankarar fata da ake kira melanoma. Ta fi kama Turawa, amma a jikin baƙar fata takan fito a tafin ƙafa kamar baƙin tabo. Kafin shekarar 2011, idan ta bazu zuwa huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, mafi yawan majinyata ba su cika shekara guda.

Allah Ya halicci ɗan Adam da garkuwar jiki, wato ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, Ya kuma sa musu linzami don kada su afka wa jikin da suke tsaro. Sankara takan fake da wannan linzami ta tsira. Binciken James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, wanda ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2018, shi ya buɗe hanyar sakin linzamin. Daga cikin magungunan da aka samu akwai ipilimumab da nivolumab, kowanne da linzamin da yake saki.

A 2013 aka fara gwada su a kan majinyata 945, aka bayyana sakamakon shekara goma a 2024. Cikin kowane mutum 100 da aka haɗa wa magungunan biyu, 43 suna raye. Cikin waɗanda aka ba nivolumab kaɗai 37 ne, na ipilimumab kuwa 19. To, amma dokin da aka sakar wa linzami ba ya bambance gonar maƙiyi da ta ubangidansa. Fiye da rabin waɗanda aka haɗa wa biyun sun gamu da illa mai tsanani, kamar kumburin hanji ko na hanta, alhali kuwa a masu nivolumab kaɗai abin bai kai mutum ɗaya cikin huɗu ba.

A nan hukunci ya yi wuya. Magidanci mai ƙananan 'ya'ya yana iya karɓar wahala ninki biyu saboda wannan ɗan ƙarin fata. Tsoho mai rauni kuma yana iya zaɓen mai sauƙin. Ilmin likita yana gaya masa adadi, amma ba ya gaya masa abin da mai jiki zai iya ɗauka.

Wasu za su ce tausayi ne a ɓoye wa maras lafiya gaskiya, 'yan'uwa su yanke shawara a bayan idonsa. Niyyar tana da kyau, sai dai shi ne zai sha zafin, shi ne kuma mai bashin da zai biya da wasiyyar da zai bari. Wanda aka ɓoye wa halinsa an hana shi shiri. Abin da tausayi ke bukata shi ne zaɓen lokaci da taushin lafazi. Yana kuma cikin amana likita ya faɗa cewa irin wadda ke fitowa a tafin ƙafa ba ta cika jin maganin kamar sauran ba, kada ya ɗora majinyaci a kan lissafin da ba nasa ba.

Bayan an gaya masa, zaɓi nasa ne. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa maganin da ba a tabbatar da warakarsa ba bai zama wajibi ba. Saboda haka wanda ya ɗauki mai tsanani bai rasa tawakkali ba, wanda ya ɗauki mai sauƙi kuma bai kashe kansa ba. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba likitoci ikon riƙon amana, amin.